Daga Hatimin Alkashinawi Zuwa Mujallar Hangari

A shekarar 1732 Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi ya rubuta littafi kan yadda ake gina hatimin da gidajen kowane layinsa ba su rabuwa biyu daidai, wato mai uku-uku, biyar-biyar, har sama. A hatimi mai biyar-biyar ana zuba lambobi 1 zuwa 25 ta yadda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, zai tashi 65. Malamin ya bar Katsina ya yi aikin Hajji, ya zauna Alƙahira a gidan wani malami, Hasan Aljabarti, can ya rasu a 1741. Wani zai ce wannan ai tsibbu ne kawai. Gaskiya ne don asiri aka fi neman hatimi, amma ƙa'idar da ke aiki a kan bakwai kamar yadda take aiki a kan goma sha ɗaya lissafi ce, ko mene ne nufin mai ita.

Ashe ƙasar Hausa ba ta rasa masu kaifin ƙwaƙwalwa ba. Hanyar zaƙulo su tun suna yara ce ta rasa. Ga misalin irin wannan hanya: a 1894 wani malamin sakandare a Hangari, Daniyel Arani, ya kafa mujallar lissafi ta ɗalibai: a buga tambayoyi, yara su aiko da amsa, a buga sunayen waɗanda suka dace. Cikin yaran da suka taso da ita har da Pol Erdos, haifaffen Budafes a 1913, wanda ya samu digirin dakta a 1934, ya kuma bar maƙaloli kimanin 1,500 tare da abokan aiki fiye da 500 kafin rasuwarsa a 1996.

Idan aka zo batun kwaikwayon wannan a ƙasar Hausa, masu cewa garuruwa irin su Madawa, Buza da Kaita na fama da ƙarancin malamai da karatu a azuzuwan zana sun faɗi gaskiya. Sai dai irin wannan mujalla ba ta buƙatar gini ko ɗakin gwaji. Malaman Jami'ar Tawa za su iya tsara tambayoyi biyar kowane wata, gidajen rediyo su karanta, amsa ta zo ta wayar salula. A fara da hatimi, domin almajiri da ɗan boko duk sun san shi, kuma wanda ya gano dalilin da ya sa layi ke tashi 65 ya cancanci a nemo shi a ba shi tambaya ta gaba.