TSALLAKEN BAHAR MALIYA A JIRGIN SAMBUK: YADDA KAKANNINMU SUKA RATSA TSIBIRAI ZUWA MAKKA

Ran wata Lahadi na kwashi 'yan ajina daga nan Totsi muka gangara bakin teku, domin in nuna musu ragowar tsohuwar gadar jiragen ruwa ta zamanin Turawa, da manyan jiragen da ke jere suna jiran shiga tashar Lome. Muna cikin kallo sai ga wani ɗan ƙaramin jirgi fari fat can nesa, ba hayaƙi ba ƙara, babban ƙyalle kawai ya ɗaga iska na tura shi. Sai wani yaro ya ce, "Malam, wai Bahaushe ya taɓa shiga irin wannan?" Kafin in buɗe baki 'yan uwansa suka bushe da dariya, wani ya ce ai Bahaushe bai san wani ruwa ba sai na randa.

Dariyar nan ta tsaya mini a rai. Jama'a, yaran nan jikokin mutanen da suka tsallake Bahar Maliya ne a cikin jirgin katako mai ƙyalle, amma ko labarin ba su taɓa ji ba. Laifin kuwa namu ne. Shi ya sa na ga ya kamata in kawo wa masu karatu abin da na ji daga bakin wani tsohon alhaji maƙwabcinmu tun ina yaro, Allah ya jiƙansa, tare da abin da littattafan tarihi suka tabbatar.

HANYA KAFIN RUWA

Kafin jirgin sama ya yawaita, maniyyaci daga ƙasar nan arewa yake nufa. Wasu su bi ta Sokode da Jugu, tsohuwar hanyar fataken goro, har su faɗa Kano. Daga Kano sai Maiduguri, sai Fallomi wadda yau ake kira Njamena, sai Abeshe, sai a shiga Sudan ta Jinaina da Fashir har Al-Ubayyid, inda ake samun jirgin ƙasa. Tafiyar ba ta wata ɗaya ko biyu ba ce. Guzuri yakan ƙare, mutum ya tsaya ya yi ƙwadago ya tara na gaba. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, dubban mutanenmu sun yi aikin tsinkar auduga a can, wasu shekara biyu, wasu goma, wasu kuwa can suka tsufa. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya zama zangon da kowane baƙo ke sauka.

Wanda Allah ya nufa da cigaba, ƙarshen tudu gare shi shi ne Sawakin. Shi wannan gari ɗan tsibiri ne a cikin wani lungun teku, gidajensa da dutsen murjani aka gina su. Ko da Turawan Ingila suka buɗe sabuwar tashar Fot Sudan a 1909 ciniki ya koma can, Sawakin ta ci gaba da zama ƙofar alhazai. Tsakaninta da Jidda ya ɗan haura kilomita 300.

To a nan ne hanya ke rabuwa biyu. Hukumar Turawa ta ce sai mutum yana da takardar tafiya, an yi masa lamba, ya biya kuɗin jirgin hayaƙi zuwa da dawowa, kuma ya yarda a killace shi don gudun annoba. Mai hali ya biya ya wuce. Talaka kuwa, wanda ya yi shekaru yana tara 'yan kuɗinsa, sai ya nemi masu sambuk a ɓoye, ko a lungunan gaɓa kudu da Sawakin, ko kuma ya gangara Masawa ta ƙasar Iritiriya, wadda a lokacin take hannun Italiya.

MENE NE SAMBUK?

Sambuk jirgin katako ne na Larabawan gaɓar teku, mai dogon ginshiƙi ɗaya ko biyu, da babban ƙyalle mai kusurwa uku. Ba shi da ɗaki, ba shi da inji a wancan zamani. Shugaban jirgi ana ce masa nahuda, kuma maganarsa ita ce doka daga tashi har sauka. Baba Alhaji ya ce da dare aka shigar da su, kowa da ƙunshin kayansa da salkarsa, aka jera su bisa buhuna, mata da yara waje ɗaya aka kare su da tabarma. Inda ka zauna nan ne wurin kwananka, nan ne masallacinka, nan ne kuma wurin cin abincinka.

Wannan cunkoso tsohon abu ne. Malamin nan na Andalus, Ibn Jubair, ya tsallaka wannan teku a shekarar 1183 daga Aizab zuwa Jidda, ya kuma rubuta ƙorafi a kan yadda masu jirage ke cusa alhazai don kwaɗayin kuɗi. Jiragen zamaninsa ko ƙusa babu, da igiyar ɓawon kwakwa ake ɗinke katakon. Ibn Batuta ma ya ratsa tekun daga Jidda, iska ta kauce da su, kafin daga baya ya isa Sawakin.

YININ CIKIN JIRGI

Gari na wayewa da kiran salla. Ruwan teku ake ɗebowa da guga a yi alwala, domin shari'a ta ce mai tsarki ne mai tsarkakewa. Sai dai fa ruwan Maliya ya fi na tekunmu na Lome gishiri, kimanin giram 40 a kowace lita, namu kuwa wajen 35. In ya bushe a jiki sai ka ga fari kamar an shafa toka, in akwai faso a ƙafa kuwa mutum ya ji a jikinsa. Alƙibla nahuda ake tambaya. In jirgi ya juya, mai salla ya juya in da hali, in ba hali ya yi yadda ya samu, wanda jiri ya hana tsayuwa ya yi a zaune. Da yake matafiya ne, ƙasaru suke yi.

Murhu akwati ne na katako da aka cika da yashi, a kansa ake hura wuta. Yaron jirgi ne ke tsaronsa, don wuta a jirgin katako ta fi hadari ban tsoro. Abincin ma'aikata gurasar dawa ce da kifi da shayi. Suna jan ƙugiya a bayan jirgi, in an dace a kama babban kifi kowa ya samu ɗan yanki. Mutanenmu kuwa guzurinsu garin gero ne ko na dawa da dabino, a dama da ɗan ruwa a sha. Makewayi wani ɗan akwati ne da aka rataya a gefen jirgi bisa ruwa. Baba Alhaji ya kan yi dariya ya ce akwai dattijon da ya gwammace ya daina cin abinci da ya hau wannan akwati.

Babban abin tsoro shi ne ruwan sha. Awo ake yi, safe da yamma, kuma ba a ƙari. Na tuna na taɓa tambayarsa, "Baba, to in ya ƙare fa?" Ya dube ni ya ce, "Yaro, ruwa ta gabas, ruwa ta yamma, amma ƙishirwa ce ke kashe mutum a teku. Ranar da iska ta ɗauke, ba wanda ya yi magana da ƙarfi a jirginmu. Carbi kawai kake ji."

ISKA DA DUWATSU

Me ya sa tafiyar da jirgin hayaƙi ke yi cikin kwana ɗaya takan ci sambuk mako guda ko fiye? Dalili na farko iska. A arewacin Bahar Maliya iska daga arewa take busowa kusan duk shekara. A kudanci kuwa, wajen Masawa da Yaman, daga Oktoba zuwa wajen Afrilu daga kudu take zuwa, sannan ta juya. Watan aikin hajji kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 11 bisa lissafin Turawa. Saboda haka wani ayarin ya dace da iska mai kyau da sanyi, wani kuma ya faɗa tsakiyar zafin da ke wuce awo 40, ga iska a gaba.

Dalili na biyu duwatsun murjani, waɗanda suka yi layi a gaɓa biyu na tekun, suna ɓoye ƙarƙashin ruwa kaɗan. Nahuda ba shi da taswira, launin ruwa yake karantawa. Shuɗi mai duhu zurfi ne, kore alamar tudu ya kusa, ja-ja kuwa dutse ne. Akan sa yaro a goshin jirgi ko bisa ginshiƙi yana leƙe yana kira. Wannan karatu sai da rana, shi ya sa muddin ana kusa da gaɓa, da la'asar ta yi sai a nemi lungu ko bayan wani tsibiri a jefa ƙarfen tsayawa a kwana. Sai an fita tsakiyar teku ne ake tafiyar dare da taurari.

Masu tashi daga Masawa sukan ratsa tsibiran Dahlak, waɗanda sun fi 100, yawancinsu fili ne fetal na yashi da dutse, ba inuwa ba rijiya, sai tsuntsaye da masunta jefi-jefi. A ɗaya gefen kuma akwai tsibiran Farasan daura da Jizan. In an tsaya a irin waɗannan wurare, nan ne fasinja ke samun miƙe ƙafa, a tsinci itacen wuta, a wanke tufa, a yi salla a kan ƙasa. Wanda ya rasu kusa da tsibiri ya yi sa'ar kabari. Wanda ya rasu a tsakiya kuwa, a yi masa wanka da salla a saka shi cikin ruwa.

SAUKA

Sambuk na ɓoye ba ya shiga Jidda. Akan sauke mutane da dare a gaɓar kudu, wajen Lis ko Ƙunfuza ko Jizan, su kama tafiyar ƙasa zuwa arewa, su ɗaura harami a miƙatin Yalamlam. Wanda ya zo kai tsaye daga Sawakin kuwa, akwai malaman fiƙihu da suka ambaci garin da sunansa, suka ce a Jidda zai ɗaura, tunda bai daidaita da wani miƙati ba kafin ya iso ta.

Amma ba kowane nahuda ne mai tsoron Allah ba. Akwai waɗanda suka karɓi kuɗi suka zubar da mutane inda ba ruwa ba gari, don gudun 'yan sintiri. Akwai kuma alhazan da aka raba su da 'ya'yansu aka sayar, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai a 1962. Wasu gidajen a Zongo har yau in ka bi salsala za a ce maka kakan wane ya tafi gabas bai dawo ba. Ko ya zauna a Sudan ne, ko ya kwanta a Maliya, Allah kaɗai ya sani.

YAU FA?

Yau maniyyacinmu yana hawa jirgi a filin Tokoin ya sauka ƙasa mai tsarki cikin 'yan sa'o'i. Gidajen murjani na Sawakin yawanci sun rushe, ko da yake an buɗe sabuwar tasha a gefenta a 1991 wadda manyan jiragen fasinja ke tashi zuwa Jidda. Abin mamaki kuma, lungunan da kakanninmu suka kwana cikin fargaba, Turawa masu yawon duniya a ƙananan jiragen ƙyalle, irin wanda yarana suka gani, sun mai da su wurin hutawa a hanyarsu ta zuwa mashigin Suwez. Su suna da na'urar nuna hanya, da injin tace ruwan gishiri, da rediyon neman agaji. Iska da dutse dai ba su sake ba, guzuri ne ya bambanta.

Kada kuma mu ɗauka tsallaken ɓoye ya zama tarihi. A watan Yuli na 2011 hukumomin Sudan suka ba da sanarwar cewa wani jirgi da ya ɗauko masu neman shiga Saudiyya ta ɓarauniyar hanya ya kama da wuta ya nutse, mutum 197 suka halaka, kuma rahotanni sun ce akwai 'yan Nijeriya da Cadi a ciki. Mu ma a nan mun san samari da 'yan matan da dillalai ke ruɗa da cewa ruwa ba wuya, ko zuwa Gabon, ko zuwa Turai. Kakanninmu sun shiga sambuk ne don ba su da wata hanyar sauke farali, kuma hajji ma Allah bai ɗora shi ba sai ga mai iko. Iyaye, a yi wa yara bayani tun kafin dillali ya riga mu.

Roƙona na ƙarshe ga masu karatu shi ne wannan. Tun da aka tashi tsohon Zongo a 1977 jama'a suka warwatsu, wasu Agoe, wasu nan Totsi da sauran unguwanni, zaman hira a ƙofar gida ya ragu, labarai da yawa sun bi tsofaffi kabari. Duk wanda ke da kaka ko kakan da ya yi hajjin ƙasa, ko ya ji daga bakin wanda ya yi, ya zauna ya rubuta, ko ya ɗauki muryar a wayarsa. In akwai tsohuwar takardar tafiya a ƙasan adaka, a adana ta. A aiko wa wannan shafi, mu kuwa za mu karanta wa yara a lakwal da makarantun allo.

Yaron nan da ya yi mini tambaya a bakin teku ya dawo ran Litinin ya ce kakarsa ta gaya masa mahaifinta shekara bakwai ya yi a hanya, kuma a jirgin ƙyalle ya tsallaka. Na sa shi ya tsaya gaban aji ya maimaita, ba wanda ya yi dariya.

Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka isa da waɗanda suka kwanta a hanya, ya kuma kira mu ɗakinsa cikin sauƙi. Amin.