Wa Zai Zana Kazaure Kafin Siminti Ya Rufe Ta?

Tun kafin a ƙirƙiro kyamara, mutanen yankin Filandas na ƙasar Beljiyam sun iya adana kamannin garuruwansu. Mai zane yakan sassaƙa hoton gari a kan farantin jan ƙarfe da wani ɗan tsinke mai kaifi, a cusa tawada cikin tsagin, a goge saman farantin, sannan a matse takarda a kai. Da faranti guda sai a buga ɗaruruwan kwafi. Frans Hogenberg, ɗan garin Mekelen, na cikin waɗanda suka fara fitar da babban kundin hotunan biranen duniya a 1572.

Amfanin wannan aiki ya bayyana bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. An ragargaza garin Ipar na Filandas har ƙasa, amma da yake akwai tsofaffin zane-zane da hotuna, mutanensa suka mayar da babban zauren cinikin tufafinsu yadda yake a da, suka kammala a 1967.

Ƙasar Hausa ma ta ɗan samu irin wannan rabo. Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a Fabrairun 1851, ya hau Dala ya zana birnin. Mai zane Johann Martin Bernatz ya sake fitar da zanen, aka mayar da shi kan dutsen ɗab'i, aka buga shi a littafin tafiye-tafiyen Barth da ya fara fitowa a 1857. A ciki ana ganin soraye na ƙasa da bukkoki da dabinai, a lokacin da Barth ya ƙiyasta mazauna birnin da 30,000. Sai dai hanyarsa daga Katsina ta bi Kusada da Bichi ne, ba ta ratsa Kazaure ba.

Alhali kuwa a lokacin Kazaure ta riga ta tsaya da ƙafafunta. Ɗantunku ne ya kafa masarautar, bayan ya ja daga da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar masa da ƙasarsa. Ɗansa Dambo ya zaunar da sarauta a Kazaure, a tsakanin duwatsun da ke ba gari kariya. Wannan tarihi yana bakin dattawa da makaɗan fada, amma baki ba ya nuna faɗin zaure, ko kaurin katangar da aka ɗora da tubali da makuba, ko yadda magini ya jera azara.

Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, inda Kazaure take, a 1991 gine-gine ke sauyawa da sauri. A Roni da Gwiwa da Babura, duk damina sai wani tsohon soro ya zube, bulo da kwano su maye gurbinsa. Ba laifi ba ne mutum ya nemi ɗakin da ba ya yoyo. Asarar ita ce a rushe ba a ɗauki hoto ba.

Yau ba a bukatar jan ƙarfe ko baƙo daga Turai. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu za su iya auna tsofaffin zauruka da masallatai da rijiyoyi da kufai, su ɗauki hotunansu, su rubuta sunan unguwa da na magini da ranar ɗauka. Majalisar masarauta kuma ta ware wurin ajiya, a takarda da kwamfuta. A fara da rani mai zuwa, tun maginan da suka san aikin suna raye.