Yaushe Ake Zuba Iri a Lambun Gida a Sakkwato?

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ƙaramin tsiro kuwa ba ya jure masa. Saboda haka mai lambun gida lokaci biyu yake da shi: faɗuwar damina a watan Yuni, da kuma kaka, wajen Oktoba, sa'ad da manoman fadamar Kwalkwalawa ke rainon albasa da tumatir.

Kuɓewa da yakuwa kai tsaye ake shuka su. Tumatir da attarugu sai an raine su tukuna. A cuɗa ƙasa da takin awaki wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa. A zuba irin sama-sama, a rufe da 'yar ƙasa, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a riƙa ba da ruwa safe da yamma. Da ya tsiro a ɗage ciyawar. Bayan mako 4 zuwa 6 a yi dashe da la'asar sakaliya.

Ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe ruwa, don haka kada a yi rowar taki. Wanda tsakar gidansa siminti ne, tsohon buhu ya ishe shi: ya huda gindin buhun, ya cika shi da ƙasa, ya kange shi daga kaji.