Hutu Ba Sai Dubai Ba: Daga Dam Ɗin Jibiya Zuwa Tafkin Madarumfa

Duk lokacin da aka koma makaranta bayan dogon hutu, akwai aikin da ba ya wuce mu: malam ya ce kowa ya rubuta insha'i a kan “Yadda Na Yi Hutuna.” Mu ma da muke rubuta muku wannan shafi mun sha yin sa, kuma mun san yadda ake ƙarewa. Wani ya ce ya je Abuja alhali ko tasha bai leƙa ba, wani ya kwafi na maƙwabcinsa. Dalili shi ne da yawanmu mun ɗauka hutu na masu kuɗi ne, sai an hau jirgi an kwana a babban otal. A wannan mako mun duba abin da ke kusa da mu, a kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya ta shiga Nijar, don mu ga ko iyali mai ƙaramin ƙarfi zai iya samun wurin shan iska ba tare da ya ci bashi ba.

Ina aka samo wannan dabara?

A Ingila ma da can hutu a bakin teku na masu hali ne. A 1936 wani ɗan kasuwa mai suna Billy Butlin ya buɗe sansanin hutu a garin Skegness, inda ya jera ƙananan ɗakuna, ya haɗa kuɗin kwana da na abinci da na wasanni a farashi ɗaya, yadda lebura zai iya kai iyalinsa. A 1938 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ƙarfafa bai wa ma'aikata hutu tare da biyansu albashi, sai sansanonin suka cika. A ƙasar Holan kuma, a 1968, Piet Derksen ya fara kafa masaukai a cikin daji, abin da daga baya ya zama kamfanin Center Parcs.

Abin da ya sa irin waɗannan wurare suke da sauƙi bai wuce abu uku ba: suna kusa da gida, iyali duka suna kwana a masauki ɗaya, kuma ana iya dafa abinci da kai. Babban abin kallon kuwa, wato ruwa da itatuwa da tsuntsaye, ba wanda ya ƙera shi balle ya tsawwala kuɗi. Duk ukun muna da su a nan.

Dam ɗin Jibiya

Daga birnin Katsina zuwa Jibiya tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a mota. A kusa da garin ne aka tare kogin Gada aka yi dam, wanda aka kammala a 1989. Tsawon bangonsa ya haura kilomita 3 da rabi, kuma yana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 142. An gina shi ne don noman rani da ruwan sha, amma a bakinsa akwai wurin shaƙatawa da ake kira Jibia Holiday Resort, wanda jihar Katsina ke lissafawa cikin wuraren yawon buɗe idonta, tare da hasumiyar Gobarau, da rijiyar Kusugu a Daura, da Durɓi-ta-Kusheyi.

Ɗalibin da ya tsaya a bakin wannan ruwa zai ga darasin labarin ƙasa da idonsa: masunta da komarsu, balbelu na bin shanu, da magudanan da ke kai ruwa gonakin rani. Zai kuma ga abin da taswira ba ta cika nunawa ba. Ruwan da ya fita daga dam ɗin ba ya tsayawa a duba masa takarda a kan iyaka. Yana shiga Nijar, a can sunansa Gulbin Maraɗi, ya zagaya ya sake dawowa Najeriya ya haɗu da kogin Rima.

Ƙetaren iyaka: Madarumfa

Idan aka wuce shingen Magama, aka shiga Nijar ta Ɗan Isa, kafin a kai Maraɗi akwai hanyar da ke kai mutum Madarumfa. Nan akwai tafki babba da kukoki suka kewaye, ga daji da hukuma ta keɓe, ga kuma kaburburan da mutanen yankin ke cewa na waliyyai 99 ne. A 2006 Nijar ta sanya dajin da tafkin da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Tsuntsaye masu ƙaura daga nesa suna yada zango a tafkin, ana kuma kamun kifi a cikinsa.

Bakatsine ba baƙo ba ne a wannan yanki. Bayan jihadi, sarakunan Haɓe na Katsina can suka koma suka kafa Maraɗi, kuma har gobe Sarkin Katsina ake kiran sarkin garin. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, ga auratayya. Iyalai da yawa a Jibiya da Katsina suna da kawu ko goggo a can, wanda ke nufin kuɗin masauki ya faɗi. Sai dai ku koyi lissafin sefa kafin ku shiga kasuwa: dala ɗaya sefa 5 ce, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. Wanda bai sani ba, mai ƙosai ma sai ta rikita shi.

Abin da ke hana ruwa gudu

Ba za mu ɓoye muku ba, hanyar nan ba kullum take a buɗe ba. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma ta Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. Kowace rufewa ta taɓa direbobi, da masu ɗaukar kaya, da masu sayar da abinci a bakin hanya, ta kuma raba 'yan uwa da juna.

Babbar matsala kuma ita ce tsaro. Shekaru ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙauyukan ƙaramar hukumar Jibiya da maƙwabtanta, kuma dazuzzuka irin na Rugu, waɗanda a wata ƙasa da an cika su da masaukan baƙi, sun zama maɓoyarsu. A cikin masu karanta wannan shafi akwai waɗanda aka raba da garuruwansu. Saboda haka ba mu ce kowa ya ɗauki jaka ya kama hanya ba. Iyaye ne za su yanke shawara, bayan sun tambayi mutanen gari da direbobin da ke bin hanyar kullum. A fita da hantsi, a dawo kafin la'asar ta yi sanyi, kada a ratse daga babban titi. Idan aka ce hanya ba kyau, a haƙura. Dam ba zai gudu ba.

Ga mai son kwana a daji

Iyalin da ke son ainihin kwana a tsakiyar daji, Yankari a jihar Bauchi ita ce ta fi shahara. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. A sansanin Wikki akwai ɗakunan kwana iri-iri, daga masu tsada zuwa na ɗalibai da ke zuwa a ƙungiya. Akwai giwaye da ɓauna da gwanki, ga maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumi, wadda zafin ruwanta yake wajen digiri 31 dare da rana. An fi ganin namun daji da rani, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin kogin Gaji. Ku dai riƙe ledar abincinku da kyau, don birran wurin ba su da kunya.

Yadda za a rage kashe kuɗi

Na farko, ku fara asusu tun farkon zango. Wanda ke ajiye naira 100 kullum, cikin kwana 60 yana da naira 6,000, kuma uba ya fi sauraron yaron da ya zo da nasa a hannu. Na biyu, a haɗa gida biyu ko uku a ɗauki shatar mota ɗaya, a raba kuɗin. Na uku, a yi guzuri daga gida: dambu, ƙuli-ƙuli, soyayyen nama, zoɓo da ruwan sha. Na huɗu, ku yi wa shugaban makaranta magana ta hannun ƙungiyar labarin ƙasa ko ta tarihi, domin wurare da yawa suna sassauta wa ɗaliban da suka zo da takardar makaranta. Idan za a ƙetare iyaka, babba ya je ofishin shige da fice ya tambayi takardun da ake bukata a lokacin, a kuma tanadi katin allurar rigakafin shawara.

A bakin ruwa kuwa, kallo ya isa. Kada ku shiga dam ko tafki wanka, ko kun iya iyo. Ƙasan dam ba daidai yake ba, ga laka mai riƙe ƙafa, sannan ruwan da ke kwance yana ɗauke da cutar tsargiya. Ledar da kuka zo da ita kuma ku koma da ita gida.

A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Ranar da jirgi ya fara tsayawa a Jibiya, za a bukaci masu masauki, da masu yi wa baƙi jagora, da masu dafa abinci, da masu kula da daji. Waɗanda za su yi wannan aiki suna aji uku ko aji biyar a yau, kuma ba wanda zai iya nuna wa baƙo wurin da shi kansa bai taɓa gani ba.

Idan Allah Ya ba ku ikon zuwa ɗaya daga cikin wuraren nan a wannan hutu, ku rubuto mana abin da kuka gani, da nawa kuka kashe, da sunan makarantarku. Za mu buga waɗanda suka fi kyau a wannan shafi.