Resident Evil 2: Babu Aljani A Cikin Faifan

Duk wanda ya leƙa gidan gem a Kwanar Ɗangora ko cikin garin Tudun Wada bayan sallar isha ya san yadda abin yake. Janareta na ruri a waje, yara sun cika benci, biyu na riƙe da pad, goma na ba su umarni. Yawanci ƙwallo ake bugawa. To amma idan aka saka wasan gawarwakin nan masu tafiya, sai ɗakin ya yi tsit. A kan wannan wasa ne magana ke yawo tsakanin iyaye, wai yana buɗe wa aljanu ƙofa, wai yaron da ya saba harbin gawa gobe mutum zai harba.

Wasan ba sabo ba ne. Kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Resident Evil 2 a watan Janairun 1998, a faifai biyu, na ɗan sanda Leon Kennedy da na ɗaliba Claire Redfield, waɗanda suka maƙale a garin Raccoon bayan ƙwayar cutar wani kamfanin magani ta ɓalle. A 2019 aka sake gina shi daga tushe, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 10. Ke nan wasu daga cikin iyayen da ke ƙorafi yau, su ma sun yi gumi a kansa suna samari.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake ɗora wa gaibu abin da mutane suka zauna suka lissafa. Tsoron da ke cikin wasan nan ƙirƙirarsa aka yi, kuma ba da jini aka gina shi ba, da ƙarancin kaya aka gina shi. Direban da ya taɓa ratsa dajin Falgore da dare, allurar mai tana kwance, fitila ɗaya ce ke aiki, ba sai ya ga kowa ba kafin tafin hannunsa ya jiƙe. Lissafi yake yi: man nan zai kai ni ko ba zai kai ni ba? Haka wasan yake. Harsashi kaɗan ake ba ka, gawa ɗaya kuma tana iya cinye huɗu ko biyar ta sake miƙewa. Aljihunka ba ya ɗaukar komai da komai, sai ka zaɓa tsakanin makulli da ganyen magani. A na 1998, ko ajiye inda ka tsaya sai ka sami tafireta da tawadarta, ita ma a ƙirge take. Kyamara a kafe take wuri guda, kana jin nishi a lungu amma ba ka ganin mai yin sa. Hatta ƙofar nan da ke buɗewa a hankali, wadda ta hana mutane da yawa numfashi, dabara ce ta ɓoye jinkirin injin yayin da yake ɗauko ɗaki na gaba daga faifai. A sabon kuwa akwai wani ƙato mai hula wanda ba ya mutuwa, takunsa kawai kake ji a saman bene yana nemanka.

Jiki ba ya tsayawa tantance ƙarya da gaskiya a irin wannan lokaci. Wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala shi ke kaɗa ƙararrawa, sinadarin adirenalin ya kwarara, zuciya ta yi ta dukan uku-uku. Babba yana ajiye pad ya yi dariya. Yaro ɗan shekara takwas kuwa da abin yake kwana, ya farka yana ihu, a wayi gari ana neman mai ruƙiyya.

Batun kisa fa? A 2019 masu bincike na Jami'ar Oxford sun yi nazari kan matasa kusan 1,000 a Birtaniya, ba su ga alaƙa tsakanin wasannin faɗa da halin tashin hankali ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a matsayin cuta a wannan shekarar shi ne wasa ya fi ƙarfin mutum har ya ture karatu da aiki da barci, yawanci na tsawon wata 12.

Waɗanda suka ƙera wasan da kansu ba su ce na yara ba ne. A Turai lamba 18 aka buga a jikin kwalin sabon, a Amurka harafin M, wato daga shekara 17. Sai dai a nan kwali ba ya zuwa. A kasuwa ake tura wasannin cikin injin kamar yadda ake tura waƙa a waya, mai shago bai taɓa ganin lambar ba, uban yaro kuma bai san akwai ta ba. Kano na da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, ga Hisbah a ƙananan hukumomi, amma abin da kunne ya saba ji shi ne samame da kwaɗo a ƙofa. Takarda guda da za a manna a bangon shago, mai sunayen wasannin da ba a saka wa yara da lokacin tashi, ba ta kai kuɗin man motar samame ɗaya daga Kano zuwa Doguwa ba.