Yadda Ake Zaɓen Farfelar Jirgin Kamun Kifi

'Yan'uwa masunta, jirgin alminiyon ba shi da nauyi. Amma idan farfela ba ta dace ba, inji zai sha mai a banza.

Duba jikin farfela, za ka ga lamba biyu, kamar 9 x 10. Ta farko faɗinta ne a inci. Ta biyu nisan da take tura jirgi ne a juyi ɗaya. Mai lodin kifi da taru ya nemi wadda lambarta ta biyu ƙarama ce. Idan inji yana ƙara fiye da kima, lambar ta yi kaɗan. Idan yana nishi, ta yi yawa.

A ruwa mai duwatsu, farfelar alminiyon ta fi ta ƙarfe. Ita ke lanƙwashewa, giyar inji ta tsira.