Gasar Darar Turawa: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Daga Gidan Runji zuwa Gazawa, da wuya ka ratsa gari da rani ba ka tarar da mutane sun yi da'ira a gindin dogon yaro ana buga dara ba. Gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa, 'yan kallo kuma sun fi masu wasan zafi. Gwanaye suna nan birjik. Sai dai gwanin Cadawa bai san gwanin Tsibiri ba, domin babu wani tsari da zai zaunar da su gaba da gaba. Wannan tsarin kuwa masu darar Turawa, wadda 'yan lakwal ke kira eshek, sun daɗe da ƙware a kansa.

Asalin wasan daga Indiya ne, ya bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa kafin ya shiga Turai. Gida 64 ne a kan allo, kowane ɓangare da 'ya'ya 16. Hukumar da ke kula da shi a duniya, FIDE, an kafa ta a Paris a 1924, Nijar ma tana cikin mambobinta.

Abin da ke fara ba baƙo mamaki a zauren gasa shi ne shiru. Ba mai cewa "tura wancan!" daga bayanka. Duk ɗan da ka taɓa, shi za ka motsa, in dai yana da inda zai je. In gyara masa zama kawai kake so, sai ka fara cewa "j'adoube" kafin hannunka ya sauka. A gefen allo akwai agogo mai fuska biyu: ka yi motsi, ka danna, lokacin abokin karawarka ya kama tafiya. Wanda lokacinsa ya ƙare, a mafi yawan lokuta an ci shi ke nan, ko da shi ke da rinjaye a kan allo. A manyan gasa akan ba kowa minti 90 da ƙarin daƙiƙa 30 bayan kowane motsi, kuma dole ka rubuta wasan a takarda. Akwai wasan gaggawa na minti 10 ko ƙasa da haka. Salula kuma, in ta yi ƙara a aljihunka, alƙali zai ba abokin karawarka nasara.

Yanzu ga inda ɗan koyo ke da riba. A gasar da aka saba, ta faɗuwa ɗaya a tafi gida, mutum 32 suka taru, rabinsu sun zama 'yan kallo tun zagayen farko. Mutum ya biya kuɗin mota daga Gangara, ya yi wasa ɗaya, ya koma. Baɗi ba za a gan shi ba. In kuma aka ce kowa ya kara da kowa, sai an yi zagaye 31, aikin da ba ya yiwuwa a kwana biyu. Maganin da aka samo shi ne tsarin Suwis, wanda aka fara gwadawa a birnin Zurich a 1895. Ba a fitar da kowa. Wanda ya ci yana da maki 1, kunnen doki rabin maki, wanda aka ci ba shi da komai. A kowane sabon zagaye sai a haɗa masu maki iri ɗaya, kuma mutum biyu ba sa haɗuwa sau biyu. Zagaye 5 ya isa a gane zakara cikin mutum 32. Wanda aka ci sau biyu a jere, a zagaye na uku zai samu kansa gaban tsaransa, wanda shi ma aka ci sau biyu, su gwabza na haƙiƙa. A ganina wannan ne tsari mafi adalci da aka ƙirƙira wa mai son wasa wanda bai kai gwani ba.

Akwai kuma ma'aunin ƙarfi na Elo, sunan wani malamin kimiyya ɗan asalin Hangari, Arpad Elo, wanda FIDE ta karɓa a 1970. Ka ci wanda ya fi ka, lambarka ta yi sama sosai. Ka ci na ƙasa da kai, ta ɗan motsa kaɗan. Tazarar maki 200 na nufin babban zai kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na makin karawarsu, ragowar kashi ɗayan na ƙaramin ne.

Gasar ƙungiyoyi ta fi daɗi, kuma ba baƙon abu ba ce ga wanda ya san kokowar takobi, inda tun 1975 kowace jiha ke kai 'yan kokowarta da sunanta. A gasar ƙasashe ta Olimfiyad, da ake yi duk shekara biyu, ƙungiya mutum huɗu ce da ɗaya na ko-ta-kwana. Galibi mafi ƙarfi yana allo na 1, a bi da bi har na 4. Indiya ce ta lashe ta 2024 a Budapest, maza da mata. Abin lura, makin allo na 4 daidai yake da na allo na 1. Sau da yawa manyan sukan tashi kunnen doki, sai kowa ya zagaye allon ƙarshe ya yi tsit, inda ɗan koyo ke riƙe da makomar garinsu, ana 1½ da 1½, agogonsa saura minti biyu. A irin wannan halin yakan karɓi kunnen doki ko ya ƙi, gwargwadon abin da ƙungiya ke buƙata, ko da zuciyarsa na son wani abu dabam.

Kada a ce wannan sai birni ko masu kuɗi. A Legas, Tunde Onakoya ya fara koyar da yaran unguwannin talakawa a 2018, yau duniya ta san su. Gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Runji suna da ƙananan hukumomi tara. Na gabas, wato Agye, Cadawa, Gazawa da Gangara, su kara a tsakaninsu. Na yamma, Gidan Runji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa, su ma haka. Zakarun biyu su haɗu a Maraɗi. 'Yan wasa huɗu babur biyu ya ɗauke su. Agogo akwai shi kyauta a manhajar waya, alƙali ya ajiye guda a kowane allo. Inda babu allon eshek, duk wannan tsarin yana hawa kan darar gida ba tare da an sauya mata doka ko ɗaya ba. A bar wa 'yan mata wuri tun daga farko.

Malaman kolej da shugabannin fada, da an gama kai amfanin gona gida, ku zaɓi mutum huɗu, ku aika wa garin da ke maƙwabtaka da ku goron gayyata.